Kunya na cinye jari kafin kasuwa ta taɓa shi

Duk inda matasa masu sabbin kamfanoni suka taru a Katsina, kukan ɗaya ne: babu jari, babu wuta, gwamnati ta yi ko oho. Ban musa ba. Amma na ga kamfanin da ya samu jari da kwastomomi, ya kuma mutu a hannun masu shi.

Samari biyu ne, abokai tun jami'a, suka fara kai wa mutane saƙo da babura a wajen Ƙofar Ƙaura. Oda ta WhatsApp, biya ta taransifa, kasuwa ta buɗe. Sai dai kuɗin na faɗawa ne asusun ɗayansu, wanda a ciki yake cire na cefane da gudummawar biki. Ɗan yayarsa ke riƙe da babur guda, ba ya fitowa sai hantsi ya dubi ludayi, kuma ba mai cewa uffan don kada Hajiya ta ji. Da na tambayi kason kowa, babban ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai mu 'yan'uwa ne." Shekara na zagayowa ko gaisawa ba sa yi.

Mutanenmu na ganin rubuta yarjejeniya rashin yarda ne. Abin mamaki, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Mun haddace ta, sai mu bar ta a masallaci.

Mai zuba jari kuwa bai san zumunci ba, littafi yake dubawa. Dokar sabbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 ma ba ta kallon ka sai ka yi rajistar kamfaninka da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Su ma Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa Paystack, kamfanin Najeriya na biyan kuɗi ta intanet, abokai ne tun jami'a. Ba na jin kamfanin Stripe na Amurka zai sayi Paystack a 2020 kan sama da dala miliyan 200 da a ce kason kowannensu a baki yake.

Sallamar ɗan'uwa da ɗaci, na sani, musamman a garin da kowa ya san gidan kowa. Shi ya sa ake faɗa masa lokacin fitowa da albashinsa a gaban shaida tun ranar da aka miƙa masa makullin babur. Babura ukun samarin nan, an sayar da biyu an biya bashin mai, ɗayan yana hannun ɗan yayar yana acaɓa da shi.