Rabon Tsuntsu a Cikin Fure

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Daren jiya ɗan yayata ya nuna min wani zane a wayarsa. Aikin wani Ba'amurke ne, Martin Johnson Heade, wanda ya je Brazil a 1863 don zana wasu ƙananan tsuntsaye masu shan zaƙin fure, waɗanda babu su sai a nahiyar Amurka. Hukuncin zanen mai rai na bar wa malamai. Abin da ya tsayar da ni daban ne: mai zanen ya ajiye tsuntsun dab da furen, kamar ya gane cewa ɗaya ba ya cika sai da ɗaya.

Ku dubi ikon Allah. A duwatsun Andes akwai irin wannan tsuntsu mai baki wajen santimita 10, ya fi gangar jikinsa tsawo. A can kuma akwai fure mai dogon wuya, zaƙinsa na can ƙasa, gajeren baki ba ya kaiwa. Tsuntsun ya zo ya tsaya cak a iska, fukafukai na kaɗawa har ido ba ya ganinsu, ya zura baki ya sha. Garin furen ya manne masa, ya kai wa wani furen, a samu iri. Wa ya auna bakin nan da wuyan furen nan? Subhanallah.

Allah Ya faɗa a Suratu Hud, aya ta 6, cewa babu wata dabba a doron ƙasa face arzikinta na wuyanSa. To ɗan'uwa mai shago a Kasuwar Wunti, me ya sa ranka ke ɓaci don maƙwabcinka ya yi ciniki kafin azahar? Har ka fara ɓata kayansa a gaban mai saye. Haba Alhaji! Furensa ne, ba a auna shi da bakinka ba.

Kuma kada malalaci ya fake da wannan magana. A hadisin Sayyidina Umar da Tirmizi ya ruwaito, tsuntsun da ke dawowa a ƙoshe da yamma, sammako ya yi da yunwarsa.

Mu ma nan Bauchi muna da sha-kauci, wani ƙaramin tsuntsu daban da shi ma ke shan zaƙin fure. Yau da safe na ga ɗaya a kan ɗorawar bayan gidanmu, yana bin jajayen furannin kauci ɗaya bayan ɗaya, wani na sha a reshen sama bai ko ɗaga kai ya dube shi ba.