Shinkafa tana ƙarewa, ɗakin karatu yana nan

Maganar da wani bawan Allah ya yi shekaranjiya, wadda na san yawancinku kun ji ta, cewa wai kuɗin da gidauniyoyin attajirai suke zubawa a jami'o'i asara ce, gara a auno shinkafa a raba wa talakawa, ba magana ba ce da za a bari ta wuce haka nan. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yawan masu ilimin da suka yi masa tafi.

To madalla. Sai mu rushe makarantar koyon harkokin kasuwanci da Gidauniyar Aliko Ɗangote ta gina wa Jami'ar Bayero ta Kano a 2018 kan naira biliyan 1.2, mu sayar da rodi da kwanon rufinta mu sayo buhuna. Idan mun gama sai mu wuce Zariya, mu yi haka da ɗakunan kwana masu ɗaukar ɗalibai sama da dubu biyu da ta gina wa Jami'ar Ahmadu Bello, tun da dai a wurinmu alheri bai cika alheri ba sai an ga layi, an ga turmutsutsu, an ɗauki hoton tsohuwa da buhu a ka.

Ita wannan gidauniyar ai ta raba shinkafar. A azumin 2024 ta rarraba buhu miliyan ɗaya mai kilo 10 a faɗin Najeriya, kuma Allah ya saka da alheri. Amma duk magidancin da ke ciyar da mutum goma ya san kilo 10 ba ya kai shi sallah. Ɗakin kwana kuwa yana nan, kowace shekara wasu na fita wasu na shiga, kuma akwai yarinyar da mahaifinta ba zai taɓa yarda ta kama haya a cikin Samaru ba, wadda samun gado a cikin makaranta shi ne kaɗai abin da ya raba ta da ajiye karatu.

Za a ce mini yunwa ba ta jira. Na sani, kuma ba wanda ya ce a daina ciyarwa. Za a ce neman suna ne. Niyyar mutum tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ɗalibin da ya samu makwanci ba ruwansa da wannan bincike.

A duba Gidauniyar Tony Elumelu, wadda a 2015 ta ware dala miliyan 100 domin matasa 10,000 na Afirka cikin shekara goma, kowanne a horar da shi sannan a ba shi jarin dala 5,000 wanda ba bashi ba ne. Telan da ya samu irin wannan ya ƙara keke biyu ya ɗauki yara biyu aiki, gida uku ke nan suke ɗora tukunya daga kyauta guda, kuma ba sau ɗaya a shekara ba. Mu da muke karanta labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa mutanen Madina wakafi, bai kamata a ce sai an koya mana darajar sadaka mai gudana ba.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne abin da ke biyo bayan yanke ƙyalle. Sau da yawa a manyan makarantunmu ana karɓar gini sabo fil, bayan 'yan shekaru ka tarar famfo ya daina zuba, tagogi sun farfashe, banɗaki ba ya shiguwa, kowa yana jiran mai kyautar ya dawo ya gyara. Ya kamata duk gidauniyar da za ta miƙa mukulli ta sa a rubuta a takarda wanda zai riƙa biyan kuɗin gyara, da nawa za a ware kowace shekara, kafin a kira 'yan jarida.