Gidan Fir'auna Daban, Gidan Talakan Masar Daban

Tun shekaranjiya ake ta turo mini bidiyon nan na minti biyu da ke yawo a WhatsApp, wanda wani bawan Allah ya tsaya a gaban hoton dalar Masar yana rantsuwa cewa mutanen Masar ta da duk ƙannensu suke aura, ba su san wani abu wai shi zina ba, kuma ɗakunan bautarsu gidajen karuwai ne. Kun dai gani, ba sai na maimaita ba. Shi mai bidiyon mabiya yake nema, kuma ya samu, sai dai mu ce Allah Ya sanya alheri. Takaicina yana kan malaman makaranta da na ga suna tura shi da hannunsu, suna ɗora masa "Allah Ya kiyaye", alhali su ne za su tsaya gaban yara gobe su koyar da tarihi.

Ƙarya ce aka yayyafa mata gishirin gaskiya, kuma gishirin nan duk daga fada aka ɗebo shi. Gaskiya ne cewa gwajin ƙwayoyin halitta da aka fitar a 2010 ya nuna mahaifin Fir'auna Tutankamun da mahaifiyarsa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Gaskiya ne cewa sarauniya Kiliyofatra, wadda ta zo bayansa da fiye da shekara 1,000 kuma zuriyarta ma daga Masedoniya take, ta auri ƙannenta maza biyu ɗaya bayan ɗaya. Sarakunan sun yi haka ne don kada sarauta da dukiya su fita daga gida, suna kuma kwaikwayon gumakansu Osiris da Isis, waɗanda a tatsuniyarsu wa da ƙanwa ne kuma miji da mata. Wannan al'adar gidan Fir'auna ce. Manomin da ke noma alkama a gefen kogin Nilu bai taɓa zama Fir'auna ba, masunci da magini ma haka, kuma su ne mutanen Masar.

A 1954 masanin nan ɗan ƙasar Cek, Yaroslaf Cerni, ya bi diddigin aure 490 na mutanen da ba 'yan sarauta ba a zamanin fir'aunoni, bai samu ko guda ɗaya da ya tabbata na wa da ƙanwa ciki ɗaya ba. To daga ina ruɗanin ya fito? Daga kalma ɗaya. A waƙoƙin soyayyarsu da rubutun kaburburansu, miji yana kiran matarsa "'yar'uwata", budurwa tana kiran saurayinta "ɗan'uwana". A ce Bahaushe ne zai ruɗe da wannan, shi da matarsa take kiransa Yaya tun daga ranar tarewa har tsufa! Idan bayan shekara 3,000 wani gwani ya tono saƙonnin wayar matan Kano da Zinder, ya ga "Yaya, ka taho mana da nama", sai shi ma ya tsaya gaban hoton Dala ya rantse cewa Hausawa ƙannensu suke aura, kuma na tabbata zai samu masu tura masa.

Na san wani zai zo ƙasan rubutun nan ya ce ai takardun ƙidayar jama'a na yankin Fayum na Masar sun nuna talakawa suna irin wannan aure. E, sun nuna, a zamanin mulkin Rumawa, wajen shekara 2,500 bayan gina dalar Giza. Shi kuwa mai bidiyon, dala ya nuna mana, don haka ya tsaya a kan dalarsa.

Maganar cewa ba su san zina ba kuwa, ita ce ta fi nuna cewa mutumin bai taɓa buɗe komai ya karanta ba. A babi na 125 na littafin da suke binne matattu da shi, mamaci yana tsayawa gaban alƙalai 42 yana wanke kansa daga laifuffuka, kuma a cikin abin da yake musantawa har da kwanciya da matar wani. Wasiyyar wani wazirinsu mai suna Fatahotef, wadda 'yan makarantarsu suka yi ta kwafa ƙarni bayan ƙarni, tana gargaɗin mutum cewa idan yana son abota ta ɗore a gidan da yake shiga, ya nisanci matan gidan. A wani labari da ke cikin wata tsohuwar takardarsu da ake kira Westkar, wadda take Balin ta Jamus a yau, wani malamin tsibbu ya ƙera kada da kakin zuma ta cafke kwarton matarsa, ita kuma matar tasa, sarki ya sa aka ƙone ta. A labarin Anfu da Bata, matar wa ta nemi ƙanin mijinta, ya ƙi, ta juya ta yi masa sharri, abin da duk mai karatun Suratu Yusuf zai ji kamar ya san shi. Mutanen da suke ganin kwartanci ba komai ba ne ba za su zauna su tsara irin waɗannan labarai ba.

Ba ina cewa waliyyai ba ne. A ƙauyen Der el-Madina, inda masu haƙa kaburburan sarakuna suka zauna, an rubuta ƙarar wani shugaban ma'aikata mai suna Faneb, ana zarginsa da bin matan abokan aikinsa, kuma takardar tana gidan tarihi na Birtaniya har yanzu. Amma ku lura, ƙararsa aka kai, ba yabonsa aka rubuta ba. Su kuma ɗakunan bautar da aka ce na karuwai ne, Herodotus, Bagirken marubucin tarihi, wanda ya je Masar da ƙafarsa, ya rubuta cewa Misirawa ne suka fara hana saduwa a wurin bauta, suka kuma hana shiga wurin bayan saduwa sai an yi wanka.

Hotunan batsan da ya haska a ƙarshe duk daga takarda ɗaya suke, wadda take Turin ta Italiya, an zana ta wajen shekara 1150 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zane 12 ne. A ɗaya ɓangaren takardar akwai jaki da zaki da kada da biri suna kiɗa, abin da ya sa masana da yawa suke ɗaukarta a matsayin barkwanci. Me ya hana shi gaya mana cewa jakunan Masar makaɗa ne?

Ba addininsu nake karewa ba, shirka suka yi, kuma mun san ƙarshen Fir'aunan Annabi Musa (AS). Sai dai Suratul Ma'ida ta hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci, kuma ban ga inda aka cire matattu ba. Ɗora wa manomi laifin fada zalunci ne ko da ya shekara 3,000 a ƙasa.

Da ma abin mamaki yake nema, ai da ya kawo gwajin cikinsu. Mace takan yi fitsari kullum a kan sha'ir da alkama, idan suka tsiro tana da ciki, idan ba su tsiro ba babu. An gwada hanyar a 1963, aka ga fitsarin masu juna biyu yana sa ƙwayar tsirowa a wajen kashi 70 cikin 100. Sun kuma ce tsiron sha'ir namiji ne, na alkama mace, amma wannan ɓangaren gwajin bai gaskata shi ba.