Fili Ba Kyauta Ba Ne

Bayan la'asar, a teburin mai shayi kusa da babbar kasuwar Maradi. Mushe, wato malamin makarantar boko, yana kurɓar shayinsa sai ga Alhaji Ƙanƙamo ya janyo ɗansa Tanko, kaye (littafin rubutu) a hannu.

Alhaji: Mushe, 6 bisa 20? Yaro ya cika shafi biyu maƙil, ko allura ba ta samun wurin zama!

Mushe: Ai ciwon ke nan, Alhaji. Babu sakin layi ko ɗaya. Mai shayi, karanta mana, kada ka yi numfashi sai inda ya saki layi.

Mai shayi: "Katsinawa suka kafa Maradi bayan jihadi, Gobirawa suna Tibiri, a 1945 Gulbi ya yi ambaliya gari ya koma tudu, gyaɗa ta yi kasuwa, akuyarmu ta haifi biyu..." Wayyo! A ba ni ruwa!

Alhaji: Kai da ma huka gare ka.

Mushe: Tanko, me ya haɗa akuya da ambaliya?

Tanko: Wuri ne ya rage, Mushe.

Mushe: Sakin layi kamar kashi ne a kasuwa. Kashin tumatir daban, na albasa daban. Magana guda, kashi guda. Jimlar farko ta faɗi abin da aka kasa, sauran su kawo hujja da misali. Ka gama da ambaliya, ka sauka ƙasa, ka ɗan matsa ciki, sannan ka ɗauko gyaɗa.

Alhaji: Tsaya. Ragowar layin da ya bari fa?

Mushe: A bar shi fari.

Alhaji: Fari! Kayen da na saya dala arba'in? Kana da labarin kuɗin fili a garin nan?

Mushe: Idon mai karatu ne ke hutawa a wurin.

Alhaji: Ya je gidansu ya huta.

Tanko: Mushe, ai kai ka ce Girkawan da ko kalmomi ba sa rabawa.

Alhaji: Ka ji masu tattali! Allah Ya ji ƙansu.

Mai shayi: Su ma na tabbata huka ta kashe su.

Washegari, teburin dai. Tanko ya dawo da sabon aiki.

Mushe: "Maradi gari ne." Sakin layi. "Babba." Sakin layi. Tanko, wannan kashi ne ko tsintar hatsi?

Tanko: Haka na gani a jarida.

Mushe: Jarida layinta siriri ne, jimla biyu ma sai ta yi tsawo, kuma a gaggauce ake karanta ta. Kai bayani aka sa ka. Jimla uku, biyar, har bakwai, gwargwadon nauyin maganar. Guntu ɗaya tsakanin dogaye yana da daɗi, amma ba a yin miya da zallar gishiri.

Tanko: To layi nawa ne daidai?

Mushe: Mai shayi, sukari nawa ne daidai?

Mai shayi: Ya danganta da kofin. Da kuma mai biya.

Mushe: Dakata... wannan rubutun jan bik da ke cikin fararen wuraren fa? "Mai gawayi, jikka biyu. Mai faci, dala ɗari."

Tanko: Baba ne. Ya ce tunda fili ya samu, masu bashi su zauna.

Mai shayi: Duba mini da kyau, Mushe. Ya sa na shayin wata uku da nake bin sa?

Mushe: Babu.

Alhaji: Wannan wata magana ce daban. Sai an saki layi.