Injin ya ce babu kowa a zauren

Tun da wasu sun riga ni kai labarin majalisa, kuma sun zuba masa gishiri har ya fi ƙarfin miya, bari ku ji daga bakin mai shi.

Kun san injin ruwan sanyin da Alhaji ya sa aka kafa a bayan zauren biki, wannan mai kama da kwantena da fankoki huɗu a ka. Ba kilim ba ne, wato na'urar sanyi irin ta ɗaki. Ruwa yake sanyayawa ya kai digiri 7, famfo ya tura shi cikin bututu zuwa akwatunan da ke silin, fanka ta hura iska ta kansa, ruwan ya dawo wajen digiri 12 a sake sanyaya shi. Mutumin Duwala da ya haɗa shi ya yi kwana biyu yana koya mini, na riƙe rabi. Da takardar kuɗin wuta ta zo Alhaji ya yi salati, ni na ce a bar mini. Na shiga allon na tsara masa lokaci: ya tashi ƙarfe 10 na safe, ya kwanta 11 na dare. Wata guda ina yawo a Garwa ana ce mini Injiniya, kuma ban hana kowa ba.

Ranar Laraba aka ɗauke wuta, kun san halin da ake shiga idan ruwan dam ɗin Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya. Ba ta dawo ba sai ƙarfe 4 na yamma. Ku riƙe mini wannan ƙarfe huɗun.

Asabar ce ranar bikin. Afrilu, irin zafin da ƙadangare ma sai ya nemi inuwa, wayata ta ce 43. Mutanen ango sun taso daga Marwa, dangin amarya wasu daga Yola suka tsallako. Da azahar na leƙa zauren na tarar da shi kamar cikin randa, har wata Hajiya ta ja mayafi ta rufe kafaɗa. Na koma na saka shaddata ruwan toka, ɗinkin sallah, na tsaya a bakin ƙofa inda Alhaji zai gan ni.

Ƙarfe 3 daidai na ji wani irin shiru daga baya. Wanda ya saba da ƙugin injin ya san wannan shirun. Minti ashirin ba su cika ba katin gayyata ya koma mafici, hodar 'yan mata ta fara bin wuya.

Na zagaya da sauri amma ba da gudu ba, Injiniya ba ya gudu. Babu jar fitila, babu ƙararrawa, allon lafiya ƙalau. Kalma ɗaya ce a tsakiya da Faransanci: inoccupé. Wallahi har magana na yi masa. Na ce, na san ba ka aikin komai, ai shi ya sa na zo. Don ni a nawa karatun, abin da ya rubuta ke nan, wai zaune yake ba aikin fari ba na baƙi.

Sai na fara da abin da na riƙe. Mutumin Duwala ya ce idan ƙura ta toshe ragar da ke fitar da zafi, matsin gas yakan hau injin ya kare kansa ya tsaya. Ragar kuwa tun hunturu ba ta ga ruwa ba, ga ganyen darbejiya. Na jawo tiyo. Kada ku tambaye ni dalilin da ya hana ni cire riga. Ruwan ya bugi ragar ya dawo mini da ƙurar wata biyar, shadda ruwan toka ta koma ruwan Binuwai na damina. Na sauke babban makunni, na ƙirga goma, na mayar. Allon ya farka, ya yi ɗan tunani, ya sake rubuta kalmarsa.

A nan mutuminku mai gyaran firji ya iso. Ba wanda ya gayyace shi bikin, balle wajen injin. Wannan bawan Allah, ko agogon hannu ka kai masa zai ce gas ne. Firjin gidanmu sau uku yana yi masa gas, jaka biyar biyar, ashe robar ƙofa ce ta saki, uwargida ce ta gano da kanta. Har yau bai dawo mini da filayata ba, mai jan hannu, wadda ya ara tun kafin azumi. Ya tsaya, hannu a baya, farantin shinkafar mutane a ɗaya hannun, ya kasa kunne wa injin da ba ya motsi, ya ce, "Injiniya, gas ne." Yadda ya ja kalmar Injiniyan nan, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta.

Da na ƙi, sai ya sauya. Ya nuna ɗan abin da ke jikin bututu, wanda ke shaida wa injin cewa ruwa na gudu, ya ce shi ne ya maƙale, a ba shi guntun waya ya haɗe bakin biyu, yanzu zai tashi. Wannan kam yana cikin rabin da na riƙe. Idan ka yaudari injin ya ɗauka ruwa na tafiya alhali a tsaye yake, ruwan zai daskare a ciki ya fasa tukunyar, kuma kuɗin wannan tukunya ya isa a sake aurar da amaryar. Na tare gabansa na ce sai dai ya haɗe ni. Wannan ne abu ɗaya tak da na yi daidai a ranar, kuma babu mai shaida ko ɗaya. Har mai tuya ta shiga ciki a lokacin.

Na sake sauke makunni na mayar. Na sake. Sau huɗu.

Can sai ga Alhaji, babbar riga ta manne masa a baya, tare da uban ango da wani dattijo mai farin gilashi, tsohon malamin makaranta ne daga Marwa. Bayansu samari masu waya a hannu. Alhaji bai ɗaga murya ba, ai gara ya ɗaga. Ya dubi shaddata daga wuya zuwa ƙafa ya ce, "Injiniya, muna jin ka." Na buɗe baki na fara bayanin matsin gas da zafin gari da ƙarfin wutar da ke hawa da sauka, ina yi ina nuna bututu. Ni kaina na ji daɗin bayanin.

'Yar yayata, wadda aka kawo don ta taya raba folere, wato zoɓo, shekararta goma, ta kutso ta ƙarƙashin hannuna da jug a hannu. Ta ɗaga kai ta dubi allon.

"Kawu, me ya sa agogonsa ya ce sha biyun dare?"

A kusurwar sama, da ƙananan lambobi, 00:04. Minti huɗu da na mayar da makunni na ƙarshe.

Ban san ko kun taɓa jin kanku ya yi lissafi da kansa ba tare da izininku ba. Ɗan batirin da ke riƙe agogon, mai kamar kwabo, ya mutu. Duk sanda wuta ta yanke ta dawo, agogon sai ya fara daga sha biyun dare. Laraba ta dawo ƙarfe 4 na yamma, shi a wurinsa tsakar dare ne. Goman safiyarsa ta zama biyun darenmu, sha ɗayan darensa ta zama ukun ranarmu. Injin bai lalace ba, bai yi laifin komai ba. Barci ya kwanta a kan lokacin da ni na ba shi. Ni kuma kowane sauke makunni ina ƙara mayar da shi sha biyun dare, kamar mai lallaɓa jariri.

Da a nan aka tsaya da na gode Allah. Sai dattijon ya gyara gilashi ya matso. Ya karanta kalmar a hankali, gaɓa gaɓa, kamar yana gaban 'yan aji uku. Ya ce, "Ɗana, kalmar nan fuska biyu gare ta. Ana faɗinta ga mutumin da ba shi da aikin yi, ana kuma faɗinta ga ɗakin da babu kowa a ciki. Injin nan cewa yake zauren babu kowa." Uban ango ya waiga ya dubi ƙofar da mutum ɗari uku ke fifita da faranti, ya ce, "To mu ɗin aljanu ne?" Dattijon bai gama ba. Ya juyo gare ni ya tambayi makarantar da na yi. Na faɗa. Ya tambayi shekarar. Na faɗa. Ya ce Allah sarki, ya girgiza kai. Wannan Allah sarkin ya fi tiyon ciwo.

Gyaran bai kai minti biyu ba, na daidaita agogo, famfo ya tashi. Amma kwamfaresa ba ya tashi nan take, yana da 'yan mintocin da yake jira don kada a riƙa tayar da shi a kai a kai ya ƙone. Mintocin nan na yi su a tsaye, ruwa na ɗiga daga hannun rigata, kowa na kallon allo, mai gyaran firji na cewa a hankali, "Da an sa gas da yanzu an wuce wurin." Ruwan ya riga ya ɗumame, kafin zauren ya dawo hayyacinsa an kira la'asar an idar, rabin mutanen Marwa suna cikin motocinsu sun kunna kilim.

Yanzu a majalisa mai gyaran firjin cewa yake shi ya fara ambatar agogo. Ku tambaye shi filayata.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Baba maigadi. Dare uku injin na tashi ƙarfe biyu shi kaɗai, a bayan ɗakinsa, bai gaya wa kowa ba. Na tsare shi washegari. Ya ce daren farko ya tsorata, ya yi ta karanta Ayatul Kursiyyu har asuba. Dare na biyu ya tura ƙofar zauren ya ji sanyi, sai ya ɗauko tabarmarsa. Ya ce rabon da ya yi barci irin wannan tun yana saurayi a Pitowa, kuma in da hali in bar agogon yadda yake.

Batirin dala ɗari ne a kasuwa, wato sefa ɗari biyar. Alhaji ya ce in saya in kawo takarda. Mai shagon ba ya ba da takarda.