Kakana maƙeri ne tun kafin Faransa ta sa mishi kaki

Jiya a fada nan Tawa wani yaro ya ce wai shi ko ɗiyar maƙeri kaɗai ta rage duniya ba ya aurenta, anka yi ta dariya. Ni ban ce uffan ba don shayin bai ma kai na biyu ba kuma ba ni son rigima, amma wallahi da abin na kwana.

Ni jikan maƙeri ne. Kakana a wani ƙauye wajen Illela ya tashi, yana yi ma babanshi zuga tun bai kai ɗaga masaba ba. A 1939 da yaƙin Jamus ya tashi Nasara sunka ce kowane kanto ya kawo samari, to kun san ba ɗiyan sarauta aka fara turawa ba, ɗan talaka da ɗan mai sana'a su ne a gaba. Haka anka ɗauke shi daga bakin wuta anka sa shi jirgin ruwa, mutumin da iyakar ruwan da ya sani tabkin damina ne. Labarin faɗa bai cika ba mu ba, sanyi kawai yake faɗi, wai yatsunshi da ke riƙe jan ƙarfe da awartaki sun kasa ɗaure igiyar takalmi. In an ambaci Caroy kuwa, barikin nan kusa da Dakar inda sojan Faransa sunka buɗe wuta kan 'yan uwansu baƙaƙe ran 1 ga Disamba 1944 don sun nemi kuɗinsu, sai ya tofar da yawu ya ci gaba da aikinshi. Shi ba ya wurin, amma bai taɓa yafewa ba.

Ya dawo da galo na kaporal da lambar girma guda, ya koma maƙera kamar jiya ya bar ta. Pansiyo fa? Dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojan ƙasashenmu, Bature na samun ƙari su suna nan inda suke, sai bayan shekara ta 2000 anka fara gyarawa, lokacin shi ya daɗe a kabari, Allah ya jiƙanshi.

Abin da ke ci mini rai ke nan jama'a. Ranar biki in ya sa tsohon kakinshi kowa Kaporal Kaporal, har sara mishi ake, amma da kawuna ya je neman aure a unguwa guda sai anka ce a'a, maƙera ne. Wato yaƙin da ba namu ba shi ya ba shi girma, aikin da ke ciyar da garin kuma shi ne abin kunya. Ni da idona na gani bayan farin 1984, mutane sun saida komi har kayan noma, ruwa ya sauka babu haywa babu kalme, tsohon nan ya zauna tun asuba da ƙarfen tsohuwar mota yana bugu, mu jikoki muna karɓa-karɓar zugazugi hayaƙin gawayi na cika mana ido, ya ƙera ya ba da bashi sai kaka. Wasu sun kawo damen hatsi, wasu har yau shiru, kuma cikinsu har da gidan da sunka hana kawun nawa mata.

Lambar girman ma ba mu san inda ta shiga ba, ƙannena sun yi ta wasa da ita har ta ɓace cikin rairayi, bai ko yi faɗa ba. Amma ran da wani ya ari masabarshi bai maido kafin magariba ba, da kanshi ya bi shi har gida da sanda. Masabar na nan hannun ɗan kawuna, ran Lahadi yana zuwa kasuwar Tawa da lauje da gatari. Yaron jiya in ya ga rubutun ga ya zo in kai shi su gaisa.