Ƙannena ɗalibai, ku tambayi abin da ke bayan tuta kafin ku ɗaga ta

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata, musamman ku da ke jami'o'i da kwalejoji.

A watan Maris na 2003 ina ɗalibi kamar ku, mu shida a ɗaki ɗaya, rediyo ɗaya. Ranar 20 ga wata muka dawo daga sallar asuba, muka kunna rediyon, muka ji Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. A bangon da ke saitin gadona akwai hoton Saddam Hussein, sanye da kakin soja, na saye shi a bakin kasuwa na manna da gam. Ranar ko karin kumallo ban iya ci ba. Sai bayan shekaru na karanta labarin garin Halabja, inda a watan Maris na 1988 sojojin wannan mutum suka fesa wa Kurdawa iska mai guba, mutum kusan 5,000 suka mutu, har da mata da jarirai, Musulmi 'yan'uwanmu. Na ƙi jinin yaƙin, kuma har gobe ina kan wannan ra'ayi. Amma hoton nan bai cancanci bangona ba. Na manna shi ne kawai don Amurka ta tsane shi.

A daidai wannan lokaci, can a jami'o'in Amurka, akwai sa'o'ina da suka faɗa irin ramin da na faɗa, ta ɗaya ɓangaren. Su ne ɗalibai masu ra'ayin mazan jiya, magoya bayan jam'iyyar Republican ta shugaba George W. Bush. Labarinsu nake so ku saurara, don akwai mu a ciki.

Yaran nan ba sakarkaru ba ne. Suna da ƙungiyoyi masu tsari, suna buga jaridunsu na harabar jami'a, suna karatu, suna muhawara. Idan masu adawa da yaƙi suka fito zanga-zanga, su ma sai su fito da tutocin ƙasarsu su tsaya gaba da gaba. Hujjarsu ita ce wadda gwamnatinsu ta ba su: Saddam ya ɓoye makaman ƙare dangi, kuma sakataren harkokin waje Colin Powell ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu ya nuna hotuna. Wanda duk ya ce a dakata a bar masu bincike su gama aikinsu, sai a kira shi maras kishin ƙasa. Aka shiga Iraƙi, aka duba ƙasa da sama, a 2004 masu binciken Amurka da kansu suka ce babu tarin makaman. Sojojin Amurka kusan 4,500 suka mutu, Iraƙawa kuwa dubban ɗaruruwa. Daga cikin kangon da aka bari ƙungiyar Daesh, wato IS, ta miƙe, ta kama Mosul a 2014, shekara na zagayowa Boko Haram ta yi mata mubaya'a. Wato ƙurar da aka tayar a bakin kogin Dajla sai da ta sauka a Tafkin Chadi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancin masu tafin nan ba su je fagen fama ba. Tun 1973 Amurka ta daina ɗibar matasa aikin soja a dole, saboda haka mai son yaƙi yana iya sonsa daga cikin aji, ɗan wani ya je ya mutu. Ba ranar aka fara ba. A zamanin yaƙin Biyetnam, ƙungiyar matasa 'yan mazan jiya ta Young Americans for Freedom, wadda aka kafa a 1960, ta tsaya kai da fata a kan a ci gaba da yaƙi, alhali doka ta ɗaga wa ɗaliban jami'a ƙafa daga ɗiba. Dick Cheney, mataimakin Bush kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi zaƙewa kan mamaye Iraƙi, sau biyar ana ɗaga masa ƙafa a wancan zamani. Amurkawa sama da 58,000 ba su dawo gida da rai ba. Wanda bai san zafin wuta ba, shi ke cewa a ƙara itace.

Akwai waɗanda suka je, kuma ya kamata a faɗa. JD Vance, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Amurka, ya gama sakandare a 2003, ya shiga soja, aka tura shi Iraƙi. Bayan shekara ashirin ya tsaya a zauren majalisar dattawa yana cewa ya gaskata farfagandar gwamnatin Bush, kuma kuskure ya yi. Donald Trump ma a yaƙin neman zaɓen 2016 ya ce yaƙin babban kuskure ne, a gaban 'yan jam'iyyar da suka yi wa yaƙin tafi a baya. Yau da yawa cikin matasan wannan ɓangare ba sa son jin zancen tura soja ko kuɗi waje. Ra'ayi ya juya, amma waɗanda aka binne ba su tashi ba.

Ku dubi yadda suka yi da ƙawayensu. Faransa ce ƙasar da ta fara ƙulla ƙawance da Amurka, tun 1778, ta taimaka mata ta ƙwaci kanta daga Ingila. Da shugaba Jacques Chirac ya ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi, sai ta zama abar zagi a bakinsu dare ɗaya. Har soyayyen dankalin da suke jingina wa Faransa aka sauya wa suna a ɗakin cin abincin majalisar wakilai, aka ce dankalin 'yanci ne. Ɗan majalisar da ya jagoranci wannan, Walter Jones, daga baya nadama ta kama shi, ya shafe sauran rayuwarsa yana sa hannu a dubban wasiƙun ta'aziyya zuwa ga iyalan sojojin da suka mutu. Shi kuma Saddam da suka kira shaiɗani, a Disambar 1983 Donald Rumsfeld, wanda daga baya ya zama sakataren tsaron Bush, ya je Bagadaza ya yi musabaha da shi, lokacin Saddam yana yaƙar Iran. Ƙawancen ƙasashe ba zumunci ba ne, ƙannena, ciniki ne. Kowa da abin da ya zo saye.

To, mu dawo gida. A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, na ga yara a titunan Kano da Kaduna suna kaɗa tutar Rasha. Yunwar da ta fitar da su gaskiya ce, ni ma ina sayen shinkafa da mai. Amma na tsayar da wani yaro da bai wuce shekara sha biyar ba, zufa ta jiƙa rigarsa, sandar tutar tsinken dalbejiya ce, na ce masa tutar wace ƙasa ce wannan? Ya ce ba shi aka yi. Aka kama telolin da ake zargi da ɗinka tutocin, aka kwashi yara zuwa Abuja. Ranar 1 ga Nuwamba duk muka ga hotunansu a kotu, sun rame, wasu sun yanke jiki sun faɗi, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, kafin a ba da umarnin sakinsu. Ban ji wani daga cikin masu zuga su a Facebook ya kwana a bayan kanta ba. Wasu cikin masu zugar nan ɗalibai ne, sun fi yaron sani, shi ya sa alhakinsu ya fi nauyi.

Ba cewa nake ku so Faransa ko Amurka ba. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da dalilansu na sallamar sojojin Faransa a ƙarshen 2023, da rufe sansanin Amurka na Agadas a 2024, kuma wanda ya san tarihin yuraniyom ɗin Arlit ba zai yi mamakin fushinsu ba. Tambayar da nake so in ji daga bakin ɗalibi ita ce: baƙon da ya maye gurbi, wato Rasha, me aka rubuta a takardar da aka sa wa hannu da shi? Me zai bayar, me zai ɗauka, wa zai biya? Ɗalibin da ya yi wannan tambaya a dandali yanzu, sai a ce masa karen Turawa. Kalmar ta bambanta, amma bulalar da aka zane masu tambaya da ita a Amurka a 2003 ce.

Kuma muna da abin koyi a gidanmu. A ƙarshen 1960, 'yancin kai ko wata uku bai cika ba, ɗaliban Najeriya, akasari daga kwalejin jami'a ta Ibadan, suka yi tattaki zuwa majalisa a Legas kan yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila, wadda ta bai wa jiragen sojanta damar ratsa sararin samaniyarmu da ya da zango a filayen jiragenmu. Ba su ɗauki tutar Tarayyar Sobiyet don huce haushi ba. Sun san abin da ke cikin yarjejeniyar, sun faɗi abin da ba su yarda da shi ba. A Janairun 1962 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta.

Don Allah, idan ƙungiyarku ta kira taro kan Gaza, ko Sudan, ko Ukraine, ko ƙawancen ƙasashen Sahel, ku je. Zuciyar da ba ta motsa ba don an kashe yara, ta mutu. Amma ku je kun karanta, ba guntun bidiyon minti ɗaya ba. Ku ba wanda ya saɓa muku makirufo ya gama maganarsa, ko da ranku na tafasa. Wanda ya miƙo muku tuta ko kwali, ku tambaye shi wa ya biya kuɗin ɗinki, kuma shi a wane layi zai tsaya idan 'yan sanda suka iso. Ƙananan yaran unguwa kuwa, ku mayar da su gida da hannunku kafin a fara tafiya.